Yaron ne ya faɗi, ko takardar tambayar?

Rubutun yau mai ɗan tsawo ne, wanda ke sauri ya ajiye sai ya samu natsuwa.

Lokacin jarrabawar ƙarshen zango ne a makarantun firamare, kuma akwai wasu tambayoyi da ba sa fashi a takardar 'yan aji biyu da aji uku. Wane ne shugaban ƙasar Najeriya na farko? Launi nawa ne a tutarmu? Jihohi nawa gare mu? Me da me ke jikin tambarin ƙasa? Wa ya rubuta taken ƙasa? Ana yi wa waɗannan tambayoyi kallon biyu a tara da biyu, wato amsa ɗaya tak, jiya da yau da gobe. Amma in ka bi tarihinsu ɗaya bayan ɗaya, za ka ga in ka cire launin tuta da dawakan nan biyu na tambari, kusan babu amsar da ta zauna wuri guda tun 1960. Wasu ma a gaban idon yaran da ake tambaya suka canza.

Ina da ɗan shagon buga takardu a nan Wudil, kuma duk ƙarshen zango malamai kan kawo tambayoyinsu rubuce da hannu a buga musu a kwamfuta. Shi ya sa nake ganin takardun makarantu daban-daban, na gwamnati da na kuɗi, kafin yara su gan su. Ba zan kama sunan kowace makaranta ba, don abin ya zama ruwan dare, kuma malaman da ke kawowa mutanen kirki ne da ke aiki da abin da suka tarar a littafi.

Bari mu fara da babbar tambayar. Yawanci canki-canka ce: Azikiwe, Tafawa Ɓalewa, Shagari, Obasanjo, zaɓi ɗaya. Amsar da ke hannun malam ita ce Azikiwe, wanda ya zaɓi wani ya sha jan biro.

To ga yadda abin yake. Ranar 1 ga Oktoba 1960 da aka sauke tutar Ingila a Legas, a takarda Sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasar Najeriya, kuma Bature ne wakilinta, Sir James Robertson. Sai ranar 16 ga Nuwamba na shekarar Dakta Nnamdi Azikiwe ya karɓi wannan kujera ta Gwamna Janar, har yanzu dai a matsayin wakilin Sarauniya. Bai zama mai sunan shugaban ƙasa ba sai 1 ga Oktoba 1963 da muka zama jamhuriya, kuma ko a lokacin kujerar ta girmamawa ce. Wanda ke riƙe da gwamnati, mai ministoci, mai kasafin kuɗi, wanda ya je Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi magana da yawun Najeriya, shi ne Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, tun 1957 har daren 15 ga Janairu 1966. Shugaban ƙasa mai cikakken iko irin wanda muka sani yau, wanda aka zaɓa da ƙuri'ar ƙasa baki ɗaya, ba a yi shi ba sai Alhaji Shehu Shagari a 1979.

Ka ga kenan a cikin zaɓi huɗun nan, uku kowanne yana da hujja. Turanci ya raba musu suna, kowa da nasa. Mu kuwa a Hausa duk wanda ya riƙe ƙasa shugaban ƙasa muke ce masa, soja ne ko farar hula. Yaro ya koma gida ya tambayi kakansa, "Baba Alhaji, wa ya fara mulkin Najeriya?" Wallahi ba tsohon da zai ce masa Zik. Abubakar Tafawa Ɓalewa zai ce, ya ƙara masa da labarin Sardauna kyauta. Gobe yaron ya rubuta abin da ya ji a gida, a soke. Darasin da ya ɗauka a ranar shi ne maganar kakansa ba ta da maki.

Akwai kuma wata babbar takarda mai hotunan shugabanni da ake mannawa a bangon aji, kun san ta, ana sayarwa a kasuwa tare da ta haruffa da ta dabbobi. A lissafin da aka fi yi, Bola Tinubu shi ne na 16. Ku ƙirga da kanku: Azikiwe, Ironsi, Gowon, Murtala, Obasanjo, Shagari, Buhari, Babangida, Shonekan, Abacha, Abdulsalami, Obasanjo kuma, 'Yar'aduwa, Jonathan, Buhari kuma, Tinubu. Sha shida cif, ba tare da Tafawa Ɓalewa ba. Shonekan da bai cika wata uku a kujera ba yana da lamba, mutumin da ya karɓo 'yancin kai ba shi da ita. Takwas daga cikin sha shidan nan da kaki suka hau. An kashe Ironsi a watan Yuli 1966, an kashe Murtala ranar 13 ga Fabrairu 1976 bayan wata shida da 'yan kwanaki yana mulki, Abacha da 'Yar'aduwa a kan kujera Allah Ya karɓi ransu. Amma a bangon aji ga su nan a jere, kowa da murmushinsa, kamar wannan ya gama ya miƙa wa wancan da musabaha. Ban ce a zaunar da ɗan shekara bakwai a ba shi labarin Dimka da harsasai ba. Amma yaron da ya iya gane bambancin mai kaki da mai babbar riga a hoto, zai iya gane cewa wani zaɓarsa aka yi, wani kuma karɓa ya yi da ƙarfi. Wannan ya fi masa amfani a kan haddace lamba.

Yanzu mu zo kan take, inda abin ya fi ban mamaki, musamman gare mu mutanen Wudil.

Taken da aka fara da shi a 1960, wata Baturiyar Ingila da ke zaune a Najeriya, Lillian Jean Williams, ita ta rubuta baitocinsa. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ajiye shi, aka yi gasa, aka tsinci baitoci daga rubutun 'yan Najeriya biyar aka haɗa, Benedict Odiase na ƙungiyar badujalar 'yan sanda ya sa masa kiɗa. Wannan shi muka rera shekara 46, mu da iyayenmu da 'ya'yanmu. Sai ranar Alhamis 23 ga Mayu 2024 Majalisar Wakilai ta yi wa ƙudirin komawa tsohon take karatu na ɗaya da na biyu da na uku a zama guda. Majalisar Dattawa ta bi baya ranar 28, Shugaba Tinubu ya sa hannu ranar Laraba 29. Mako guda bai cika ba. Yara sun tafi gida da take ɗaya, sun dawo asambuli an ce musu ba shi ba ne, kuma malamin da zai koya musu sabon, shi ma a wayarsa yake nemansa.

Ku riƙe wannan rana ta Alhamis 23 ga Mayu. A ranar ce dai Majalisar Dokokin Kano ta soke dokar masarautu biyar. Ku tuna, a 2019 da gwamnatin Ganduje ta raba masarautar Kano, Wudil ƙarƙashin Gaya aka sa ta, duk da cewa garin nan na Makaman Kano ne tun kaka da kakanni, kuma kun san irin ƙorafin da aka yi a lokacin. To ɗauki yaron da aka haifa a Wudil a 2015. Ranar sunansa, sarkinsa Sarkin Kano ne. Yana shekara huɗu aka ce Sarkin Gaya ne, haka ya shiga firamare, haka ya rubuta a jarrabawa ya ci maki. Yana shekara tara, a cikin mako ɗaya, aka canza masa sarki aka canza masa taken ƙasa. Yau kuma in ka ce masa wane ne Sarkin Kano, sai ya kalli fuskarka tukuna ya ga ɓangaren da kake, don mutum biyu ke amsa sunan kuma magana tana kotu. Ba shiga rigimar sarauta nake ba, don Allah kar a juya zancen can. Abin da nake nunawa shi ne yaron nan bai kai shekara goma ba ya riga ya ga amsar da ta ci maki bara ta zama kuskure bana, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya ce ga dalili.

Abin dariya, 'yan uwanmu na Nijar hanyar da muka baro suka bi. A watan Yuni 2023 suka ajiye takensu na 1961 wanda wani Bafaranshe ya rubuta, suka ɗauki wanda 'yan ƙasa suka tsara. Shekara guda bayan haka mu muka ajiye na 'yan ƙasa muka koma na Baturiya. Su ma yaran Maraɗi da Damagaram ba su tsira ba, don wata guda da canza taken sojoji suka kifar da Bazoum, amsar "wane ne shugaban ƙasa" ita ma ta tashi.

Sauran amsoshin ba sai na ja su ba. Jihohi: larduna uku a 1960, huɗu a 1963, jihohi 12 a 1967, 19 a 1976, 21 a 1987, 30 a 1991, 36 a 1996. Babban birni Legas ne har 12 ga Disamba 1991. Ranar Dimokuraɗiyya 29 ga Mayu ce har Buhari ya mayar da ita 12 ga Yuni a 2018. Jami'ar da ke nan garinmu ma tun 2022 sunan Aliko Ɗangote take amsawa, amma hau ɗan sahu ka ga da wane suna zai gane inda za ka.

Kwanakin baya bayan magariba na tara yaran layinmu a ƙofar gida, 'yan aji biyu zuwa huɗu, na ce yau ni ne malam. Tuta kam kowa ya sani, da Turanci ma, cikin waƙa. Na ce to koren nan me yake nufi? Baki ɗaya suka ce "agirikalca". Na ce mene ne agirikalca? Shiru. A cikinsu akwai wanda mahaifinsa ke noman rani a bakin kogi, shi yake kai masa abinci gona ranar Asabar, bai san kalmar da ya haddace sunan sana'ar ubansa ba ce. Da na faɗa masa sai ya ce, "Kawu, wai noma? To me ya sa ba a ce noma ba?" Na nuna musu tambari a bayan wani tsohon littafi. Dawakai sun gane su nan take, yaran da ke ganin hawan sallah. Tsuntsun da ke sama, wani ya ce shaho, wata ta ce zakara, ba wanda ya ce mikiya. Farin zanen da ke tsakiyar baƙar garkuwar kuwa, cewa suka yi harafin Turanci ne. Take kuma suka fara da sabo suka ƙarasa da tsoho, ba su ma ji inda suka sauya layi ba, don duka biyun sauti ne kawai a kunnensu.

Wannan farin zane koguna biyu ne, Kwara da Binuwai, inda suka haɗu a Lakwaja suka gangara teku. Yaron Wudil fa, wanda ya tashi yana ganin gada da masu jiragen kwale-kwale da masu ɗiban yashi, shi ne za a ce bai gane kogi ba? Kogin da ke ƙarƙashin gadarmu shi kansa haɗuwar biyu ne, na Kano da na Challawa, sun gamu kafin su iso mu, suka wuce Haɗeja suka nufi Tafkin Chadi. Malamin da ya zana wannan a ƙasa da tsinke, ya ce to haka wasu manya biyu suka yi a tsakiyar Najeriya, ya gama darasin tambari a minti biyar, kuma ba za a manta ba.

Ita ma tutar tana da labarin da yara za su so. Wani ɗalibi ne ɗan Ibadan, Michael Taiwo Akinkunmi, yana karatu a Landan ya ga sanarwar gasa a jarida, ya zana ya aiko, aka zaɓi tasa a 1959 aka ba shi fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire. Ya dawo gida ya yi aikin gwamnati ya yi ritaya, aka manta da shi shekara da shekaru, sai a 2014 Jonathan ya ba shi lambar girma. Ya mutu a watan Agusta 2023 yana da shekara 87, kuma gawarsa ta shekara ba a binne ba, iyalansa suna jiran alkawarin da gwamnati ta yi na yi masa jana'izar ƙasa. Na ba yaran layinmu rabin farko na labarin. Abin da ya tsaya musu shi ne jar ranar. Kowa sai ya faɗi ra'ayinsa, a bar ta ko a cire, har aka kira isha'i suna musu.

Da can akwai wani malamin tarihi da ba ya karɓar albashi, wato kuɗin da ke aljihu. Tun 1973 da muka bar fam da sule muka koma naira da kwabo, aka zo 1977 aka fito da naira ashirin mai hoton Murtala, har sunansa ya zama sunan kuɗin a bakin mutane. Naira biyar Tafawa Ɓalewa, ɗari Awolowo, ɗari biyu Sardauna, ɗari biyar Azikiwe. Yaron da ake aike yakan san fuskokin nan kafin ya san harafi. To yau yaushe rabon da ka ga naira biyar? Me za ta saya? Tsadar rayuwa ta cire Tafawa Ɓalewa daga hannun yara, Murtala ma yana kan hanya. Rubutun ajami da almajiri ke iya karantawa kuma an cire shi daga ƙananan takardun tun 2007. Ranar Juma'a a kara, daurin dubu-dubu ke yawo tsakanin dillalai, kuma ka tambayi mutum goma su waye mutum biyun da ke jikin dubu ɗaya. Aliyu Mai-Bornu ne da Clement Isong, gwamnonin Babban Banki na farko 'yan ƙasa.

Me ya kawo mu nan? Wani ɓangare na amsar yana cikin manhaja. Tun da aka shigo tsarin 6-3-3-4 a 1982 tarihi ya fara narkewa a cikin darasin zamantakewa, sai daga zangon 2009/2010 aka cire shi gaba ɗaya a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare. Yaron da ya shiga aji ɗaya a shekarar yanzu ya haura ashirin, wasunsu sun gama NCE, su ne ke riƙe da alli. A Nuwamba 2022 aka yi bikin dawo da darasin, aka ce za a horar da malamai 3,700, ɗari daga kowace jiha da Abuja. Malami ɗari a jiha mai ƙananan hukumomi 44, ku yi lissafin abin da zai iso Wudil. A watan nan dai aka amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, sai a Nuwamba 2025 ministan ilimi ya sanar da soke wannan tsari, aka ce Turanci zalla. Manufar ilimin ita ma irin taken ce, kafin a gama koyon ɗaya an kawo wata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mutanen da ake sa yara haddace sunayensu, yawancinsu malaman makaranta ne, kuma sun san yadda ake koyar da ɗan Bahaushe. Sardauna malami ne, Tafawa Ɓalewa malami ne a Bauchi har ya zama hedimasta, kuma da Hausa ya rubuta Shaihu Umar. Shehu Shagari kuwa, tun yana matashin malami a ƙasar Sakkwato a shekarun 1940, ya ga ɗalibansa suna wahala da labarin ƙasa, sai ya tsara musu Waƙar Nijeriya da Hausa, garuruwa da koguna da al'ummu duk a cikin baiti, daga baya aka buga ta littafi a Zariya. Wato mutumin da sunansa ke zaɓi na uku a takardar canki-canka ya riga ya warware matsalar da takardar ke fama da ita, shekara kusan tamanin da suka wuce. Garin nan ma ba baƙon alli ba ne. Kwalejin Horon Malamai ta Wudil ta yaye malaman da suka riƙe firamaren ƙasar Kano lokacin UPE na 1976 da bayansa. Kwankwaso a nan ya yi makarantar koyon sana'a, Malam Ibrahim Shekarau a nan ya koyar da lissafi a kwalejin fasaha. Bai dace a ce a irin wannan gari ne yaro zai ce agirikalca bai san noma ake nufi ba.

Ga malamai 'yan uwana masu kawo mini takardu, shawarata ƙarama ce, ba ta buƙatar izinin Abuja. In za a tambayi na farko, a faɗi na farkon me: wanda ya fara riƙe gwamnati, ko wanda aka fara kira shugaban ƙasa, ko wanda aka fara zaɓa da cikakken iko. A rage canki-canka ga 'yan aji biyu, a kira yaro gaban tebur a nuna masa tambari a ce nuna mini kogi, a bar shi ya amsa da harshen da ya ga dama, don abin da ake aunawa a nan saninsa ne, Turanci yana da tasa jarrabawar. A ba shi aikin gida ya tambayi babba a gidansu wane take ya rera yana yaro, jihohi nawa ya haddace, wa ke mulki shekarar da ya yi aure. Gida ɗaya za a samu kaka mai jiha 12, uba mai 21, ɗa mai 36, kuma duk sun yi daidai. Iyaye kuma in kun ga jan biro a kan Tafawa Ɓalewa, kar ku ɗauko bulala, ku ɗauki takardar ku je ku ga malam cikin mutunci.

Sannan ko sau ɗaya a shekara a haɗa kuɗin mota. Daga tashar Wudil zuwa cikin birni bai fi awa guda ba. Kabarin Murtala yana nan Kano, gidan Malam Aminu Kano na Mumbayya yana nan a buɗe, ga Gidan Makama a kusa da fada cike da hotunan sarakuna da na zuwan Turawa a 1903, kuma sunan da ke ƙofar gidan sarautar hakimin garinsu ce. Na Tafawa Ɓalewa yana Bauchi, shi ma motocin da ke zuwa can ta kan gadarmu suke wucewa kullum.